Minti Goman Sista

Shekara goma sha tara ke nan rabon Sista da riƙe allura, amma har yau ba wanda ya yarda ya sake mata suna. Mai rajista Sista take ce mata, shugaban cibiyar lafiyarsu Sista, hatta mijinta in yana jin tsokana sai ya ce, "Sista, zo ki duba min gwiwar nan." Ita kuwa ta ce masa gwiwar da ta ƙi tashi daga gaban talabijin ba ta da magani a wurinta.

Aikinta yanzu zama ne da sauraro. Ɗakinta yana can ƙarshen baranda, kusa da inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. A nan take ganin mutanen da wani mugun abu ya faɗa musu, gobara ko haɗarin mota ko fashi, jiki ya warke ko ma bai ji ciwo ba, amma firgicin ya ƙi sakinsu. Ba wani kaya a ɗakin. Kujera biyu ne suna fuskantar juna, da ɗan tebur mai ɗauke da kofi da gorar ruwa, da fanka a sama, sai agogon bango.

Agogon nan ba a banza aka rataye shi inda yake ba. Duk mai irin wannan aiki ya san dabarar: a bayan kujerar baƙo ake kafa shi, sama da kansa kaɗan. Ta haka mai sauraro zai ga lokaci ba tare da ya ɗauke ido daga fuskar mai magana ba. Mutumin da ya yi wata shida yana tattara ƙarfin halin faɗin abin da ke cinsa, ba abin da zai rufe masa baki da sauri kamar ya ga ana duba agogo.

Ranar wata Talata matar wani mutum da ake kira Na-Sama ta kawo shi. Ita ta zauna a benci a baranda, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa, ƙato da shi, hularsa a hannu. Bai kalli Sista ba. Sama ya kalla.

"Bismillah, Malam, ga wuri," ta ce, tana nuna masa kujerar baƙo.

Bai motsa ba. Sai da ta bi idonsa sannan ta gane. Kujerar tana daidai ƙarƙashin fanka.

"In kashe ta ne?"

"Ko an kashe tana nan a rataye," ya ce. "Sista, in ba damuwa, ko za mu yi musaya?"

Suka yi musaya. Ya zauna a tata, ta zauna a tasa, agogo ya koma bayanta. A ranar ta gaya wa mai gyare-gyaren cibiya ya zo ya sake wa agogon bango. Ya ce gobe. Goben nan tasa kowa a cibiyar ya santa, ba ta taɓa wayewa ba.

Na-Sama ba sunan yanka ba ne, abokan aiki ne suka laƙaba masa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya a wuraren gini, irin dogon nan da matuƙinsa ke zama cikin ɗan akwatin gilashi can ƙololuwa. Daga can ba a jin muryar kowa, wayar oba-obar da suke da ita kuwa kullum a lalace take. Hannu yake karantawa. A ƙasa akwai mutum ɗaya mai ba shi alama: ɗaga, sauke, hagu, dama, tsaya. Shekara goma sha huɗu mutum ɗaya ne ke ba shi hannu, amininsa da ake kira Farin Hannu saboda farar safar da yake sawa don a hango shi daga nesa. Wata safiya ɗaurin rodi ya kufce daga sama ya sauko a kan Farin Hannu. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Aka yi bincike, aka ce igiyar ɗaurin ce ta ci, matuƙi ba shi da laifi. Aka ba shi takarda da hatimi. Mutane kuma suka yi masa abin da suka fi iyawa. Kowa ya zo sai ya dafa masa kafaɗa ya ce ba laifinka ba ne, ka cire abin a ranka, kamar dai ƙaya ce da za a sa allura a zare. Surukai sun faɗa, maƙwabta sun faɗa, mai kamfani ma ya aiko a faɗa. Cikinsu ba wanda ya tsaya ya tambaye shi shi me ya gani daga can sama.

Sista ma ba ta tambaye shi ba, amma ita da dalilinta.

A ɗakin gaggawa na babban asibiti ta fara aiki, tana yarinya ɗanya, hannunta da sauri, bakinta da kaifi. Ɗinki ta iya, kuma tana alfahari da shi. Sai ta riƙa lura da wani abu da ya dame ta. Mutumin da suka ɗinke tsaf suka sallama, bayan wata uku sai ga shi ya dawo, wai ƙirjinsa na bugawa, wai kansa na sarawa. A auna shi, ba komai. Wani direba da ƙafarsa ta haɗe sarai ya gaya mata ya fi wata biyu bai iya tsallaka titi ba. Ta zauna tana sauraronsa har aka yi ta nemanta a wurin aiki. Tsohon likitan ƙashi da ke sashen ya kira ta ya ce, "Ke dai surutu da marasa lafiya ya fi miki aikin. Tunda ba za ki daina ba, je ki koyo shi yadda ya kamata." Da faɗa ya faɗe ta, amma shi ya cika mata takardar neman karatun da hannunsa.

Shekara biyu tana zuwa aji bayan ta tashi daga aiki. A lokacin abin da aka koya musu shi ne a fitar da labari da zafinsa, mutum ya amayar da komai tun abin bai daskare a cikinsa ba. Ta haddace, ta ci jarrabawa, ta fito tana jin ba wanda ya kai ta.

Watanta huɗu da fara sabon aikin gobara ta tashi a wata masana'antar ɗinki. Cikin waɗanda aka turo mata akwai wata mai ɗinki, siririya, mai magana ƙasa-ƙasa. Sista ta tasa ta gaba da tambaya. Daga nan sai me? Me kika ji? Wa ke kusa da ke? Wane irin wari? Matar ta faɗi komai, ba ta rage ko ɗaya ba. Awa ta cika cif a daidai inda ta kai ga ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Sista ta yi mata sannu, ta ce sai mako mai zuwa, ta zauna ta rubuta a fayil cewa an samu ci gaba sosai. Sai da ta tashi tafiya gida ta ga takalman matar a ƙarƙashin kujera.

Da yamma aka tsinci matar a tashar mota, zaune a ƙasa, ƙafa ba takalmi, ta kasa faɗin unguwarsu. Sati uku ta yi a gadon asibiti. Ba ta ƙara dawowa ba. Yayarta ce ta zo karɓar takalman, ta sa su a leda, ta kalli Sista kallo ɗaya ta fita. Sista ta gwammace a ce zaginta ta yi.

Daga nan ta koma ta sake koyo, a wurin wasu malaman da kuma wurin marasa lafiyarta. Ta daina tono. Abin da take fara yi shi ne ta koya wa jikin mutum cewa yau yau ce, ba ranar da abin ya faru ba. Ka dafa ƙafarka a ƙasa ka ji ta. Ka ja numfashi, ka sake shi a hankali. Ka duba ɗakin nan ka faɗa min abu biyar da kake gani. Sai mutum ya iya dawo da kansa in firgici ya ɗauke shi, sannan a taɓa labarin, shi ma kaɗan-kaɗan, a ranar da mai shi ya ga dama. A kan wannan ta ɗora dokar kanta: minti goman ƙarshe na kowane zama na rufewa ne. Ko me ake ciki, a ajiye, a dawo ɗaki, a tabbata mutum ya san hanyar gidansu. Takan gaya wa sababbin ma'aikata cewa ba ta taɓa ganin an sallami mutum daga tiyata da ciki a buɗe ba. Su kuwa a bayan idonta suna kiran abin minti goman Sista, har da kwaikwayon muryarta.

To, da haka ta karɓi Na-Sama. Dokar cibiya zama goma sha biyu ce ga kowane mutum, awa ɗaya duk mako.

Mutum ne mai daɗin zama. Yana zuwa kan lokaci, yana yin duk abin da aka ce. Numfashin ya iya, dafa ƙafar ya iya. Kowane zama takan tambaye shi, "Daga sifili zuwa goma, yau nauyin yana ina?"

"Biyar."

Mako na biyu biyar, na uku biyar. A na huɗu ta ajiye biro ta ce, "Malam, wannan biyar ɗin gadonta ka yi ne?"

"Ita ce ba ta da rigima, Sista," ya ce, har da ɗan murmushi.

Hira kam yana yi. Ya ba ta labarin yadda iska ke kaɗa akwatin gilashin, da yadda tsuntsaye ke wucewa ta ƙasansa, da yadda ake shafa wa igiyar ƙarfe mai. Ƙwallo kuwa in ya fara sai ta tsayar da shi. Ranar nan ce kawai ba ya zuwa kusa da ita. Da hira ta doshi wurin sai ya ƙura wa tebur ido.

Wata rana tana shigowa, ko zama ba ta gama yi ba, ya ce, "Yau an ɓata miki rai."

"Wa ya gaya maka?"

"Babban yatsanki. Tun da kika shigo yake murza zobe."

Ta yi dariya, don kuwa da safen sun yi da 'yarta a kan mukullin mota. "Ashe in riƙa ɓoye hannuna."

"Daga hawa goma sha biyar nake gane in Farin Hannu bai karya ba," ya ce. Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinsa. Ta bar sunan ya zauna a ɗakin.

Maganar agogo kuwa sai ta warware kanta. Tunda shi ke fuskantarsa, shi ya karɓi aikin. Da ya rage minti goma sai ya ɗaga gira ya ce, "Sista, lokacin rufe shago ya yi." Ta saba da hakan har ta daina bin mai gyare-gyare. Akwai dai tsohon agogonta na hannu, wanda take ɗaurawa fuskarsa ta cikin tsintsiyar hannu tun zamanin ƙirga bugun jini, amma ba ta taɓa buƙatar dubansa ba.

Abin da bai faɗa ba matarsa ke faɗa, a tsaye a baranda, da sauri-sauri kafin ya fito daga banɗaki. Ya sa an kwance duk fankokin gidan, ga zafi, yara sai fifita suke da kwali. A tsakiyar titi yake tafiya don kada ya bi ta ƙarƙashin benaye, masu mota suna ta zaginsa. Abinci sai ta tsaya a kansa. Gidan mamacin kuwa ko layin ba ya bi.

"Sista, ni ba na gane masa," ta ce. "Ga shi a gabana, amma kamar na aje hoto."

A mako na bakwai ya tsaya ƙarƙashin fankar a kashe, ya ƙirga ashirin, gumi na zuba. A na tara ya kai hamsin. Sista ta san an kusa, ta kuma san ba a kai ba. Bayan zama na goma ta je wurin shugaban cibiya neman ƙari.

Shugaban ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Ya juyo mata da fuskar kwamfuta. "Mutum ɗari da goma sha ɗaya ke kan layi, Sista. Wata ta yi wata biyar tana jira." Ya buɗe fayil ɗin Na-Sama. "Kuma ga rubutunki. Da biyar ya zo, a biyar yake. Me zan rubuta?"

"Ka rubuta ya kusa."

"Ba gurbin ya kusa a takardar." Ya murza ido. "In ya fara ba da labarin, ko da jimla biyu ce, ki zo. Zan sa hannu a ƙara masa huɗu, don ba a yanke mutum a tsakiya. In bai fara ba, ki yi haƙuri."

Ta koma ɗakinta. Zama na goma sha ɗaya ya zo ya wuce a kan zancen mai tsaron ragar da ƙungiyarsu ta ƙwallo ta sayo.

Safiyar Talatar ƙarshe ta tasa shayi gaba har ya huce. Mijinta ya leƙo ta saman tabarau. Ba ta taɓa gaya masa sirrin kowa ba, iyakar abin da ya sani akwai wani da lokacinsa ke ƙarewa.

"Ki ɗan matsa masa mana," ya ce. "Ni ai da matsi kika aure ni."

"Na taɓa matsa wa wata," ta ce.

Ya san zancen takalman. Ya tura mata burodi.

Na-Sama ya zo da riga mai sabuwar guga. Suka gaisa, ya ce biyar tun ba ta tambaya ba. Ta bi masa abubuwan da suka koya ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi takarda mai lambobin da zai kira in abu ya yi tsanani. Ya ninke ta gida huɗu ya sa a aljihu. Ta tambaye shi ko akwai abin da yake son su yi da sauran lokacin. Ya ce babu. Suka zauna, fanka na juyawa a kanta, wani yana jan bokiti a baranda.

Ta ga idonsa ya hau saman kanta, inda agogo yake, ya daɗe a can. Ta jira ya ce lokacin rufe shago ya yi. Bai ce ba. Ya sauke ido kan hannuwansa.

"Ya ba ni hannu, Sista."

Ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi ba.

"A takardar sun ce igiya ce. Gaskiya ne, igiyar ta ci. Amma kafin ta tsinke ya ba ni hannu. Ya ce in tsaya." Ya miƙa hannunsa na dama, tafin yana kallon ƙasa, ya kaɗa shi gefe. "Haka ya yi. Sau biyu. Ba wanda ya gani sai ni. Sauran ma'aikata suna can suna sauke siminti."

Daɗi ya kama ta, tsoro ya biyo baya ya danne shi. Ta san alamun nan kamar yadda ta san tafin hannunta. Numfashinsa ya koma ƙirji. Dugadugansa sun bar ƙasa, a kan yatsu yake. Idonsa yana kanta amma ba ita yake gani ba, ya riga ya hau can sama. Minti nawa ya rage? In ashirin ne za ta bar shi ya je, ta dawo da shi. In biyar ne fa? Ga wata maras lafiya a baranda tana jiran lokacinta, ga titi a waje cike da motoci, ga mutumin da dama a tsakiyar titi yake tafiya. Takalman nan biyu suka zo suka tsaya mata a ido.

"Na gani," ya ce. "Tsakanina da Allah na gani sarai. Hannuna yana kan sandar injin. Sai kawai na..."

Ba ta yanke shawarar komai ba. Hannunta na hagu yana kan cinyarta, sai ya ɗan juya da kansa, juyin da bai kai a kira shi motsi ba, idonta ya sauka kan agogon hannun ya dawo. Ko lambobin ba ta gani da kyau ba.

Ya tsaya.

Ya kalli hannun, ya kalli fuskarta. Ba fushi a idonsa, da ma fushin ne da da sauƙi. Ya ɗaga kai ya dubi bango.

"Saura bakwai," ya ce.

"Malam, ka rabu da agogo. Ci gaba, ina jinka. Hannunka yana kan sandar."

"A'a, lokacinki ya shiga."

"Ba wani lokacina. Zan ba ta baranda haƙuri, mu zauna har a tashi. Kuskure na yi, tsoro ne ya kama ni kada ka fita a haka. Don Allah ka ƙarasa."

"Na gan ta da zan shigo," ya ce. "Da goyo take. Ba kyau a bar ta."

Sai ya gyara zama. Tana kallo ya sauke dugadugansa ya dafa su a ƙasa. Ya ja numfashi ta hanci, ya riƙe, ya sake shi a hankali, sau uku, yadda ta koya masa. Ya juya ido cikin ɗakin.

"Tebur," ya ce. "Kofi. Taga. Labule. Agogo."

Ba ta taɓa samun wanda ya yi rufewar da kyau haka ba. Ta zauna tana kallonsa. Ya miƙe, ya zagaye ta gefen bango don kada ya bi ta ƙarƙashin fanka, ya tsaya a ƙofa.

"Biyar," ya ce. "Ki rubuta. Na gode, Sista, Allah ya saka da alheri."

Tana sallamar mai goyo ta nufi ofishin shugaba kusan da gudu. Bai ja zance ba, ya sa hannu, zama huɗu. Ta kira Na-Sama tun a baranda. Ya ɗauka da ladabi, ya saurara har ta gama, ya ce in Allah ya yarda.

Talata ta zo bai zo ba. Ta zauna a kujerar ƙarƙashin fanka ita kaɗai har awar ta cika. Ta sake kira, ya ce wani uzuri ne ya taso. Talata ta biyu wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. A ta uku sai ga mai gyare-gyare da tsani a kafaɗa da guduma, wai ya zo batun agogon nan.

"Bar shi," ta ce.

"Ke fa kika ce a mayar da shi can."

"Na ce bar shi."

Ya tafi yana gunaguni, wai mutum ya zo aiki kuma a ce ba a so.

A Talata ta huɗu mai rajista ta leƙo ta ce matarsa ce ta zo, ita kaɗai. Matar ta shigo ta zauna a kujerar baƙo, ba ta ko kalli fankar ba. Sista ta koma tata kujerar ta da. Matar ta rame, ta riƙe jakarta a cinya da hannu biyu.

"Ya ce in gaishe ki. Ya ce ya warke, kin gama naki, kada a riƙa ɓata miki lokaci."

Sista ta ji maganar har cikin ƙashinta. "Ya yake?"

"Yana ci, yana wanka, in an gaishe shi ya amsa." Ta gyara riƙon jakar. "Ko zancen ƙwallon ya daina. Da ƙaramin namu yakan zauna kusa da shi su yi ta musu. Yanzu yaron sai ya zauna ya gaji ya tashi. Sista, me ya faru a ɗakin nan ranar?"

"Ya fara magana. Ni na katse shi."

"Me ya ce?"

"Wannan nasa ne, ba ni da ikon ba ki. Ni ma farkon kawai na ji."

Matar ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. "In ya ƙi zuwa, ke ba za ki zo gidan ba?"

"In ya yarda, yau ma sai in zo. In bai yarda ba, na zama ɗaya daga cikin masu dafa masa kafaɗa."

"Ba zai yarda ba."

"Na sani."

Suka yi ta magana a kan abin da ba zai canja komai ba. Sista ta gaya mata alamun da in ta gani kada ta jira, ta kira nan take. Ta rubuta mata lambarta ta gida, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta ce ƙofar nan a buɗe take, ko bayan shekara ne. Matar tana ta gyaɗa kai kamar mai karɓar saƙon wani. Da aka gama ta sa takardar a jaka, ta ja zif, amma ba ta tashi ba.

"Shekararmu ashirin da huɗu," ta ce. "Ban taɓa rasa abin ce masa ba sai yanzu. Ke da kika karanta abin nan, gaya min tsakani da Allah, ni yanzu ya zan yi?"

Sista ta buɗe baki. Ta yi niyyar ta ce ita ma ba ta sani ba, ta zauna da matar nan ko da a shiru ne, iya tsawon da take so. Ta tsayar da idonta a fuskar matar, ta hana shi motsi. Amma agogon yana nan inda aka kafa shi don a gan shi, sama da kan matar kaɗan, kuma ta riga ta gani. Saura minti goma.